Shekarar da Baƙin Agwagi Ba Su Sauka Ba

Baba ba ya shuka alkama sai baƙi sun sauka. Baƙin nan wasu ƙananan agwagin ruwa ne masu farin layi a gira, da ke zuwa tafkin bayan ƙauyenmu, kusa da Jahun, idan sanyi ya fara shigowa. A wajensa su ne kalanda. Haka ya gada, kuma ba ka isa ka ja da shi ba.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Dutse, ina haya a unguwar Takur, shi kuwa yanar ido ta gama da ganinsa. Duk Asabar sai in hau babur in je gida, in riƙe masa sanda zuwa bakin tafki, ni in duba, shi ya saurara. Amma wane tafki? Ciyawar kacala ta cinye shi, ta fi mutum tsawo, ruwan da ya rage bai fi faɗin tabarma biyu ba. Sai balbela uku, da wani zalɓe da ya tsaya kamar mai jiran mota.

"Sun zo?"

"Ba su zo ba, Baba."

"To, a jira."

Maƙwabta suka shuka, tasu ta tsiro. Na kawo masa maganar malamin gona cewa lokacin shuka yana wucewa, ya ce malamin gona jiya aka haife shi. Na roƙi Kawu ya sa baki, Kawu ya ce ai ka san halin mutumin naka. Gonar ba tawa ba ce, iri kuma yana ƙarƙashin gadonsa. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan yi wa faɗa: tsoho, ko ciyawa, ko tsuntsaye.

A Asabar ta biyar na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Ga su can, Baba, sun fi ɗari."

Ya karkata kai, ya kasa kunne.

"Idona ne ya mutu, ɗan nan, ba kunnena ba. Agwagwa ɗari ba ta ɓuya."

Muka koma gida. Daga ranar bai sake neman in raka shi ba.

Sanyi ya wuce, gona tana nan fayau. Daga baya ya ce wa Inna ta niƙa irin, kada ƙwari su cinye shi a banza. Ta yi mana finkaso. Da aka kai masa nasa, ya shafa bakin kwanon, ya ce a ba yara, shi ba ya jin yunwa.