Falalu, wa zai tsallakar da ni yanzu?

Na Allah ne mu, gare Shi muka nufa. Ran Asabar, sha ɗaya ga watan Azumin Tsofaffi, da hantsi, kamiyo, babbar motar kaya, ya take Falalu mai gyaran keke a bakin kwaltar Tanout. Ni Ramatu nake magana, tsohuwar da ke ƙetaren rumfarsa.

Falalu, ba ka da haƙuri, kuma bakinka ba linzami. Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Amma tun da idona ya yi hazo, mijina kuma ya riga ni, kai kake tsallakar da ni. Ka ɗaura jan ƙyalle a sanda, ka shiga tsakiyar hanya ka ɗaga, ka ce, "Taho amarya, kar ki tsufa a nan." In ce, "Ɗan nema, wa zai auri mai baƙin mai?" Yara 'yan lekol masu zuwa boko da masu keke duk a bayanka suke wucewa.

Kai ka ba mu labarin fitilar da ka gani a Damagaram: ta yi ja mota ta tsaya, mai ƙafa ya wuce. Sau nawa ka kai wa manya takarda a sa mana ko ɗaya? Sun zo sun auna hanya, sun sha shayi, sun tafi.

Direban baƙo ne. Wai da ya ga kana ɗaga ƙyalle, ya zaci mai neman a rage masa hanya ne, shi ya sa bai taka birki ba. Maza sun ce da aka ɗauko makararka za a tsallaka, motoci duka sun tsaya, har da masu cire hula. Ashe sun iya tsayawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka zafin bakinka, Ya sa ka tsallake siraɗi ba tuntuɓe. Masu shan shayi kuwa, na bar su da Shi.

Adawiyya matar Falalu, 'yata, Allah Ya ba ki haƙurin rashin miji, Ya raya yaran. Kar ki ce na ƙi zuwa gaisuwa. Kwana uku ina fitowa da ƙwaryar gerona in tsaya bakin kwalta, ina jin kukan gidanku daga nan, in koma. In kin sami mai ido, aiko shi ya kama min hannu.