Sabulun Mma da Injin Aro

Shekarun baya, wata Babbar Sallah ta faɗo mana a tsakiyar damina, ciyawa ta cinye filin idinmu na Zongo. Da adda muka saba sharewa, amma a shekarar kowa hankalinsa yana kasuwar raguna, babu mai lokacin sunkuyo. Sai abokina, wanda ke kula da lambun wani otel a bakin teku, ya roƙi maigidansa aron injin yankan ciyawa, irin wanda ake hawa a tuƙa kamar ƙaramar tarakta. Da ƙyar mutumin ya yarda, ya kuma gindaya masa sharaɗi: in injin ya dawo da ko tari ne, ya nemi wani aikin. Ga shi a lokacin matar abokin nawa tana da tsohon ciki.

Aka kawo injin aka ajiye a tsakar gidanmu, saboda wai ni ne masanin inji. Tsakani da Allah, iyakar sanina shi ne na taɓa yin zemijan, wato haya da babur, na iya canza buji. Amma da aka ce ni ne, ban musa ba. Da yamma hadari ya haɗo, na tura shi gindin mangwaro na tafi masallaci.

Washegari jajibiri, muka kai shi fili. Bugu ɗaya ya tashi. Na haye ina ta ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Ban yi nisa ba sai muryarsa ta sauya. Ya yi gurnani sama, ya sauko kamar zai mutu, ya sake zabura, wuu-wuu-wuu, har kujerar na jijjiga ni. Can ya yi shiru.

Na waiga, na ga abokina ya ɗora hannu a ka. Na sauko daga kan injin.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, buji ne. Na kwance, na goge, na mayar. Ya tashi, ya ɗan yi tafiya, ya koma wuu-wuu. Na ce to matatar iska ce, na kakkaɓe ta. Haka dai. Daga nan na ɗora laifin a kan man kwalba na bakin titi da muka ƙara masa, na zare tiyo na tsiyaye tankin kaf, muka sayo sabon mai a gidan mai. A nan ya yi aiki lafiya na ɗan lokaci, har na fara cika baki, sai ya sake kunyata ni. Kafin azahar na baje karbireta a kan buhu, ina hura ramukanta da baki, ina addu'ar kada wani ƙaramin ƙarfe ya faɗa cikin ciyawa.

Abokina bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Zama ya yi a ƙasa, ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, me zan je in gaya wa mai cikin nan?"

Na haɗa komai na sake tayarwa. Da ya fara gurnaninsa, sai na ce bari in leƙa in ga ko man yana sauka. Ina murɗa murfin tanki na ji fuuu, iska ta shige ciki, nan take muryar injin ta miƙe sumul. Na ɗaure murfin, jim kaɗan ya koma. Na sassauta, ya daidaita. Na juya murfin a hannuna, sai ƙamshi ya bugi hancina. A tsakiyarsa akwai 'yar huda da tanki ke shaƙar iska ta nan, an cusa mata sabulu, an shafe tsaf da yatsa.

Na san aikin hannun nan. Mahaifiyata ba ta iya ganin huda ta ƙyale. Bokiti, randa, tulun roba, duk abin da ya yi yoyo a gidanmu sabulu ne maganinsa.

Da tsinken ciyawa na sokale shi. Injin da ya sa ni zufa tun safe, tsinke ya warkar da shi. Abokina ya yi ta dariya har hawaye. Kafin magariba filin ya yi fes.

Muna shiga gida mahaifiyata ta tare mu da fara'a. "Ruwa bai shiga man ba ko? Jiya na ga murfin ya huje, ga hadari, sai na toshe muku."

Na buɗe baki, abokina ya take mini ƙafa. Ya rusuna ya ce, "Ko ɗigo bai shiga ba, Mma. Allah ya saka da alheri."

Tun daga ranar, in inji ya yi mini gardama, ba na fara kwance shi sai na tambayi wanda ya taɓa shi, musamman masu ƙaunata. Injin ya koma otel lafiya, bayan Sallah aka yi suna, abokina kuma yana nan a aikinsa har yau. Kowace Babbar Sallah, in ya kawo wa mahaifiyata nama, sai ya haɗa da sandar sabulu. Har ta koma ga Allah tana yabon yaron nan mai hankali, wanda ya san abin da gida ke bukata.