Buhun Kawu Haruna

Mutanen unguwar Ard al-Liwa, kun dai san Kawu Haruna ba ya sayar da gandofli sai ya fara ci. Wannan abin teku mai ɓawo biyu kamar kumba, shi yake kiwo a gaɓar Dumyat ya kawo Alƙahira. Zai kwance buhu, ya haɗiye kaɗan, ya zauna da yatsa a leɓe yana zare ido.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Ɗana, ruwan gonaki ke kwaso taki ya zuba a teku, teku ya yi kore. Dabbobina su tsotse koren, su yi ƙiba, ruwa ya washe. Amma in taki ya yi yawa ruwa ya rine, guba suke tarawa, wuta ma ba ta kashe ta. Leɓe ne ke fara mutuwa."

Wani kuku daga unguwar Muhandisin ya gaji da jira, ya ce da Larabci, "Yalla ya Hajj!", wato yi sauri, Alhaji.

"Zauna," in ji Kawu. "In na faɗi, ka dafa wa masu cin abincinka wake."

Kai, har taki ya ƙwace wa Hajiya Batula, mai tumatir a kan bene! Ya ce, "Wannan zai bi bututu ya faɗa kogin Nilu, ya same ni a Dumyat!" Ta ce cokali ɗaya ne fa. Ya ce kowa ma haka yake cewa.

Wata rana ya kurma ihu leɓensa na zugi. Muka cusa shi a tuktuk, keken nan mai ƙafa uku, yana kalmar shahada, yana yafe wa mutanen da ba su roƙe shi ba. Ashe barkonon karin kumallo ne a yatsansa. Wallahi mun daɗe muna tsokanarsa.

Sai lokacin zafi na shekarar 2014, ranar sunan ɗana. Ya kawo buhu guda kyauta, ya ce ruwa ya ɗan rine kwanaki amma ya washe. Mata sun ɗora tukunya, yara sun kewaye da faranti. Ya ci nasa, ya zauna. Can ya ce a hankali, "Leɓena."

"Barkono ne, Kawu!" muka ce, muna dariya. Matata ta miƙa hannu za ta ja buhun. Sai ya tashi da ƙyar ya zauna a kansa.

"Khalas, shi ke nan. Ba mai ci."

Harshensa ya yi nauyi. Dariya ta ɗauke. Da muka zo ɗaga shi, ƙafafunsa ba sa motsi, amma hannunsa na damƙe da bakin buhun, sai da na rantse masa zan binne buhun sannan ya saki. Numfashinsa ya tsaya kafin mu kai asibiti.

Har yau in na tuna yaran nan da farantansu, sai in ɗaga hannu in yi masa addu'a.

Ya Allah, bawanka Haruna ya ji tsoro dominmu tsawon rayuwarsa. Ka amintar da shi a kabarinsa, Ka sa ya huta.