Ranar da Mati Ya Riga Kowa Shiga Tasha

Duk wanda ya saba hawa mota tsakanin Ɗambatta da Kano ya san Mati, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai tsohuwar farar fijo. A wani ƙauye gabas da gari aka haife shi, inda gonaki suka matse juna har da ƙyar ake samun wurin turke akuya. Da aka raba gadon mahaifinsu, abin da ya samu bai isa ya ci da gida ba. Shi ya sa ya kama sitiyari tun yana saurayi, kuma a kansa ya yi furfura.

Tuƙin Mati sai mai haƙuri. Kowane rami na titin nan ya san shi, lallaɓa shi yake yi kamar zai tsaya su gaisa. Samarin tasha Baba Sannu-Sannu suke ce masa, shi kuwa ko a jikinsa, don yana da mutanensa: masu juna biyu da ke zuwa awo, tsofaffi masu zuwa ganin likitan ido, mata masu kai ƙwai da man shanu birni. Waɗannan ko layi bai zo kansa ba, zama suke yi a gindin darbejiya su jira shi.

Ƙa'idar tasha ita ce, wanda ya riga shigo da motarsa ƙofa shi zai riga yin lodi. A da wannan ba abin damuwa ba ne. Yanzu kuwa duk yaron da gonar gidansu ta gaza masa mota yake nema, har motoci suka fi fasinja yawa. Sai titi ya koma filin tsere. Ka ga yaro ko gemu bai gama fito masa ba, ya cika mota da 'ya'yan mutane, ya danna totur har ƙasa don kawai ya riga ɗan'uwansa. Gwaninsu shi ne Tasi'u, wanda in ya shigo tasha har tafi ake masa. Abin takaici ne wallahi, amma wa zai hana?

Motar ba ta Mati ba ce, ta Hajiya Zuliha ce, matar maigidansa marigayi, kuma da ita take riƙe da marayu. Wata rana cikin damina ta aika ya zo.

"Malam Mati, ba ƙin ka nake ba," in ji ta. "Amma motocin wasu sai su je su dawo su kuma komawa, kai kana kan sawun farko. An kawo min wani yaro, an ce in ba shi mukullin."

Mati ya sunkuyar da kai. In mukullin nan ya bar hannunsa, babu mai ba tsoho wata motar, ya sani sarai. Ya ce, "Hajiya, ki bar ni zuwa ranar kasuwa."

Ranar kasuwar da hantsi ya taso daga Kano da cikakken lodi. A gaba kusa da shi Inna Safiyatu ce, wadda aka yi wa aikin ido, har da auduga a fuska. Shekara da shekaru ba ta shiga motar kowa sai tasa. Bai yi nisa ba Tasi'u ya zo ya wuce shi, ya leƙo ta taga yana dariya.

"Baba, sai ka taho! A gaida tasha in kun iso gobe!"

Nan fa abin ya motsa wa Mati. Ya taka. Tsohuwar fijo ta yi wani irin gurnani da ba a taɓa jin ta yi ba, gero da dawa suka riƙa wucewa a gefe kamar ana jan su. Ashe sanin ramukan nan ba na banza ba ne: inda Tasi'u ke taka birki, Mati gocewa kawai yake yi. A wata kwana ya sha gabansa, tirela na tahowa tana zuba fitila, sai da taya biyu suka sauka daga kwalta kafin ya dawo hannunsa. Cikin mota babu abin da kake ji sai salati da kukan jariri.

Shi ya riga shiga ƙofa. Tasha ta ɗauki sowa, samari suna dukan bayan motar. Tasi'u da kansa ya zo ya ɗaga masa hannu sama, ya ce, "Yau kam na sallama, Baba." Ba za a ɓoye ba, Mati ya ji daɗi. Rabon da wani ya yabe shi a tashar nan har ya manta.

Sai da aka kama Inna Safiyatu sannan ta iya fitowa. Ta dafa ƙofa.

"Mati, kai ma?" ta ce. "Ni da na ce Allah ya bar mana mutum ɗaya. Ka yafe ni, ba na ƙarawa."

A gaban matan gindin darbejiya ta faɗi haka.

Aka gyara fijo a kan layi, Lawan ɗan kamasho ya hau kiran Kano, Kano. Matan ba su motsa ba. Mati ya je da kansa ya ce, "Ku taso mana, ni ne fa." Wata mai kwandon ƙwai ta kawar da kai ta ce za su jira ta baya. Masu sauri kuwa, 'yan kasuwa da samari, suka leƙa tsohuwar motar suka taɓe baki. Gudun rana ɗaya bai sa sun yarda da ita ba. Har azahar mutum biyu ne a ciki, su ma suka gaji suka fita. Motoci sun yi jerin gwano a baya, direbobin da suka yi masa tafi ɗazu sun fara zage-zage.

Lawan ya matso ya rage murya. "Baba, ka yi haƙuri ka ja gefe. Ka tare wa mutane abinci."

Ya ja gefe. Da la'asar ya kai motar ƙofar gidan Hajiya, ya yi sallama, ya ajiye mukullin a bakin tabarma. Labari ya riga shi zuwa. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Ashe ka iya gudun, Malam Mati," ta ce. "Duk shekarun nan da gangan kake barin mu da yunwa ke nan?"

Mati ya miƙe. Ya yi mata sai an jima, ya kama hanyar ƙauye a ƙasa.

Yanzu yana can yana noma 'yar gonar da ba ta taɓa isarsa ba, wani lokacin ya yi ƙwadago a ta maƙwabta. Masu awo da tsofaffi kuwa duk motar da layi ya zo kanta ita suke shiga, su riƙe kujera, su rufe ido. A titin Ɗambatta babu sauran mai tafiya a hankali.