Malam Gidaɗo, Mai Askin Da Ya Koya Wa Mazan Azare Kula Da Fuska

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malam Gidaɗo ya riga ya buɗe shagonsa da ke bayan tashar mota a Azare. Ba da aski yake farawa ba. Ruwa yake fara ɗorawa a wuta, idan ya tafasa ya tsoma tawul-tawul ɗin jiya a ciki, ya wanke su tas, ya shanya. Ya goge madubi, ya share ƙasa, ya warware bakin injinan askinsa guda uku ya jiƙa su a maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai ya gama wannan duka yake karɓar shayinsa daga hannun mai shayin da ke maƙwabtaka da shi. Duk wanda ya yi sammako ya zo kafin a gama, sai ya jira, ko da kuwa Alhaji ne da mota.

Shekara talatin da biyu ke nan yana wannan aiki. A ƙarshen watan nan zai ajiye injin, domin hannunsa na dama ya fara rawa, shi kuma ya ce ba zai zauna jiran ranar da zai yanki kunnen wani ba. Shi ya sa na ga bai kamata ya sauka shiru ba.

Masu aski a Azare suna da yawa, kuma akwai matasan da suka fi shi iya askin yayi. Abin da ya raba shi da su shi ne, idan ka zauna a kujerarsa ba gashinka kaɗai yake dubawa ba, har da fatar fuskarka. Ni shaida ne.

Sunana Yunusa, malamin makaranta ne ni. Shekara goma sha tara da suka wuce aka tura ni koyarwa Sakwa, ina saurayi ɗan shekara ashirin da biyar. Allah ya yi ni da fuska mai maiƙo. Kafin a fita tara goshina da hancina sun ɗauki ƙyalli kamar an shafa musu man gyaɗa, ga ƙuraje sun cika kumatu. Ɗalibai suka laƙaba mini Malam Ƙosai. Na ji sunan, na yi kamar ban ji ba, amma ya ci ni a rai. Sai na shiga yaƙi da fuskar tawa. Sabulun wanki nake goga mata sau biyar, sau shida a rana. Na matsa mata lemon tsami, na taɓa gwada toka ma. Mai kuwa ko kusa da shi ba na zuwa, don a ganina wanda maiƙo ya dama me zai yi da mai?

Wata Asabar na shigo Azare na faɗa shagonsa, ba don na san shi ba. Ya ɗaura mini ƙyalle a wuya, ya ɗaga haɓata da yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Malam, da me kake wanke fuskar nan?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Kai ke ja mata. Duk lokacin da ka ƙwaƙule ta da sabulun wanki sai ta bushe ƙayau, ita kuma sai ta yi sauri ta ƙara fitar da maiƙo don ta kare kanta. Wane mai kake shafawa?"

"Ba na shafa komai, Malam Gidaɗo. Maiƙon da nake da shi ai ya ishe ni."

"Maiƙo daban, laima daban," in ji shi. "Fatarka maiƙo ne ya yi mata yawa, amma ƙishirwa take ji. Mai za ka nema mara nauyi, wanda ruwa ya fi yawa a cikinsa."

Da ya gama askin bai miƙo mini wata kwalba ya ce in saya ba, domin har yau ba ya sayar da man shafawa. Rufe shagon ya yi, ya taka da ni zuwa wani kemis da ke kusa. Ya sa aka sauko da mai iri huɗu, ya roƙi mai kemis ya bar shi ya ɗiga kowanne a kan farar takarda. Muka tsaya muna hira na ɗan lokaci. Da muka duba, biyu sun bar tabo irin wanda ake gani a takardar da aka ƙunshe soyayyen abu.

"Waɗannan ba naka ba ne," ya ce. "Na mai busasshiyar fata ne."

Ya shinshina sauran biyun, ya ture ɗaya gefe saboda turare ya yi masa yawa. Ya juya na ƙarshen, ya karanta bayansa a hankali, ya nuna mini lambar hukuma da ranar da zai lalace, da wurin da aka rubuta cewa ba ya toshe ƙofofin fata. Ya ce kada in shafa a fuska tukuna, in fara gwadawa a gefen wuya kwana uku. Idan bai yi ƙaiƙayi ba, in riƙa lakatar kamar ƙwayar wake bayan na wanke fuska da sabulu mai laushi, safe da yamma kawai. Ya ƙara da cewa irin wannan man nan da nan yake shigewa fata, ba ya zama a kanta ya yi danƙo kamar basilin, don haka ba zai dame ni wajen alwala ba.

Ban yarda da shi sosai ba, amma na bi. Ba a kwana ɗaya abin ya canja ba. Sai da aka yi kusan wata biyu kafin na lura cewa ina kaiwa azahar ban goge goshi da hannun riga ba. Sunan da ɗalibai suka sa mini ya mutu da kansa. Wanda bai taɓa jin kunyar fuskarsa ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Ni na san yadda nake shiga aji kafin ranar, na kuma san yadda na koma shiga bayanta.

Daga baya, da muka saba, na tambaye shi inda ya samo wannan sani. A ruga aka haife shi, kusa da Disina, inda man shanu ne man kowa, babba da yaro. Ya shigo Azare yana da shekara ashirin, bai iya karatun boko ba. Da ya fara aski sai ya ga maza da yawa suna fama da fuska, suna jin nauyin tambaya, don a wurinsu maganar man shafawa maganar mata ce. A cikin masu zuwa aski akwai wani Alhaji da matarsa, Hajiya Mairo, nas ce a sashen fata na asibiti. Malam Gidaɗo ya nemi izinin Alhajin, ya riƙa zuwa zauren gidansu duk Alhamis bayan la'asar da tambayoyin da ya tara a mako. Hajiya Mairo, wadda ta yi ritaya yanzu, ta gaya mini da bakinta: "Shekara biyu yana zuwa. Da ya ga rashin karatu na tauye shi, sai ya shiga ajin yaƙi da jahilci don ya iya karanta bayan kwalba. Abu na farko da na koya masa shi ne ya san inda saninsa ya tsaya. Bai taɓa ƙetarewa ba."

Malam Gidaɗo, kai ne mai askin da ya koyi karatu yana da 'ya'ya uku saboda fuskokin mutanen da ba danginsa ba. Kai ne kake juya harshe zuwa Fulatanci ranar kasuwa, ka yi wa makiyayi bayani har ya gane, ba tare da ka sa ya ji an raina man da ya tashi da shi ba.

Amma abin da ya sa 'yan tasha ke kiransa Garkuwar Fuska ya faru ne shekara shida da suka wuce. A lokacin wani haɗin mai ya shigo gari, a ƙananan robobi marasa suna, marasa lamba. Wani baƙon dillali ne ke raba wa masu aski, yana cewa yana kashe maiƙo da ƙuraje cikin mako ɗaya, har ya ƙara wa mutum haske. Ya kawo wa Malam Gidaɗo katan guda. Shi kuma ya buɗe roba ɗaya, ya duba, ya tambayi abin da aka zuba a ciki. Dillalin ya ce sirrin sana'a ne. Malam Gidaɗo ya mayar masa da katan ɗinsa. Sauran shaguna kuwa suka karɓa, ciniki ya buɗe musu, wasu abokan cinikinsa ma suka koma can.

Bayan wata uku wani ɗan acaɓa mai suna Sherif, magidanci ɗan shekara talatin, wanda ya sayi haɗin nan ya yi ta shafawa, ya shigo shagon da rawani naɗe har ido a tsakiyar zafin bazara. Ya jira har kowa ya fita sannan ya warware. Kumatunsa sun yi ja kamar an ƙona, fatar ta yi laushi har jijiyoyi na nunawa, ƙurajen da aka ce za su mutu sun dawo ninki biyu.

"Baba, ka taimake ni," ya ce. "Fasinja na ganina suna wucewa. Kwana huɗu ban ɗauki kowa ba. Matata ta ware mini kofi, tana tsoron kada in shafa wa yara. Ka faɗa mini man da zan saya."

"Wannan ya wuce mai, ya kuma wuce ni," in ji Malam Gidaɗo. "Tashi mu je asibiti."

"Kunya nake ji, Baba. Namiji da ni a ce bilicin na yi?"

"Ba bilicin ka nema ba, magani ka nema aka cuce ka. Ina robar? Ɗauko ta. Ni zan yi bayani idan bakinka ya yi nauyi."

Ya hau bayan babur ɗin Sherif suka tafi. Ya zauna da shi a layi har suka ga likita. Likitan ya ce da alama an cakuɗa man bilicin ne da wani magani mai ƙarfi da ba a shafa shi sai da umarnin likita, kuma gyaran zai ɗauki watanni. Daga asibitin Malam Gidaɗo bai koma shago ba, sai da ya bi Sherif gida, ya tsaya daga zaure ya yi wa matarsa bayani cewa abin ba ya yaɗuwa.

Da wani ne, nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya nemi a kira taron ƙungiyar masu aski. Ina wurin, domin ni ya roƙa in rubuta abin da aka tattauna. Ya ajiye robar a tsakiya, ya ce a daina sayar da duk man da ba shi da suna da lamba. Wuri ya kaure. Wani mai suna Gali, wanda shagonsa ya fi kowanne sayar da haɗin, ya miƙe ya ce, "Malam Gidaɗo, da girmanka, hassada ce ke damunka. Ka ƙi karɓa, ka ga muna samu, yanzu kana so ka toshe mana abinci."

Malam Gidaɗo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gali, mutum na zama a kujerarka ya rufe ido, ka ɗora masa reza a maƙogwaro. Wa yake yi wa haka a duniya in ba mu ba? Wanda ya yarda da kai har haka, shi za ka miƙa wa abin da kai kanka ba ka san me ke ciki ba?"

Daga nan Sherif, wanda ya biyo shi ba tare da an tilasta masa ba, ya warware rawaninsa a gaban kowa.

Shago bakwai ne kawai suka yarda a ranar, cikin ashirin da shida. Malam Gidaɗo bai yi fushi ba, bai kuma haƙura ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya zaɓi shago ɗaya ya je, ya zauna, ya yi hira, ya sake kawo maganar. An yi masa dariya, an taɓa ce masa ya tashi ya ba masu aski wuri. Ya tashi, wani makon ya dawo. Gali sai da ya shekara kafin ya sauko, bayan ƙanin matarsa ya kamu da irin abin da ya sami Sherif. Da kansa ya zo ya ba da haƙuri, kuma yau shi ne ya fi kowa zafi a kan maganar. Sherif ya warke, sai ɗan duhu da ya rage a kumatunsa na hagu. Yana nan yana acaɓarsa.

Da na gama rubuta wannan, na kai masa na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Yunusa, ka yi yabo da yawa. Amma akwai abin da ka manta. Har yanzu saura shago uku da ke sayar da haɗin nan a ɓoye. Ka rubuta cewa aski na bari, su ban bar su ba. Yanzu ma na samu lokacinsu."

To, na rubuta, Malam. Mun gode. Na gode a madadin kaina, da Sherif, da duk namijin da ya shigo shagonka yana sunkuyar da kai ya fita yana kallon mutane ido da ido. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya albarkaci iyalinka.

Ku kuma masu aski na Azare da Katagum da Dambam, da masu kemis, da duk wanda jama'a ke miƙa wa jikinsu bisa amana, ku yi koyi da shi. Ku nemi sanin abin da kuke ba mutane, idan abu ya fi ƙarfinku ku raka mai shi wurin wanda ya sani. Masu shagunan nan uku kuwa, kun san kanku. Ku share benci, Juma'a mai zuwa kuna da baƙo.