Waƙar da Ba a Yi wa Tizhe Ba

A duk ajin ƙarshe na makarantarsu, Lidiya ce kaɗai ta rage a darasin kiɗa da waƙa. Sauran tun daga aji huɗu suka cika wandonsu da iska, suka bar ta ita da Malam Elkana da wani tsohon piyano mai batir wanda maɓallansa na tsakiya sun daina magana. In aka zo kansu sai malam ya cike da bakinsa. 'Yan aji suna kiranta Madam Do-re-mi, ita kuwa ko a jikinta. Ta san murya ce Allah ya ba ta, kuma da ita ta ƙudura za ta shiga kwalejin horon malamai.

Ba a Mubi aka haife ta ba. 'Yar wani ƙauye ce a duwatsun bayan Michika. Uwarta ta rasu tana goye, kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta. A shekarar gudu, ranar da harbi ya iso ƙauyen, suka fito su uku: ita, da Kaka, da babanta Tizhe. Sun hau dutse ke nan Tizhe ya tuna ya bar awaki a ɗaure. Ya ce su yi gaba, zai kwance su kada ƙishirwa ta kashe su, yanzu zai iske su. Ba a sake ganinsa ba, ba a ga gawa ba, ba wanda ya zo da labari mai kai. Bayan ƙura ta lafa Kaka ta kama ɗaki a unguwar Wuro Patuji cikin Mubi, tana noma gonar aro a hanyar Gella, tana soya gyaɗa. Fiye da shekara goma ke nan, kuma har yau in aka tambaye ta ɗanta sai ta ce yana Kamaru, hanya ce ba ta buɗe masa ba.

Kaka tana da wata sana'a da ba a biyanta. A ƙauyensu ita ce mai waƙar rakiya, wadda ake yi wa mamaci kafin a ɗauke shi. Ko a Mubi, in wani ɗan ƙauyen ya cika, fasto zai yi addu'arsa, sannan ya kau da kai a kira tsohuwa. Waƙar tana da doka, kuma Kaka ba ta wasa da ita. Ana hawa da murya a hankali har can ƙololuwa, a nan ake kiran sunan mamacin a ja shi da tsawo. Ba a sa sunan mai rai. Ba a kuma yi wa mutum sau biyu, wanda aka raka an raka shi. Lidiya ta tashi tana riƙe wa Kaka gorar ruwa a gidajen makoki, waƙar ta shige ta ba tare da kowa ya koya mata ba.

Jarabawar fita tana da ɓangaren da ake yi da baki, a gaban mai dubawa da za a turo daga Yola. A ciki dole ɗalibi ya rera waƙar gargajiya guda ta yarensa. A nan Lidiya ta gano abin kunya: yaren nata rabi-rabi ne. Waƙoƙin coci da Hausa ta iya su kamar ruwa, amma na gida, na niƙa da na biki, baiti ɗaya take kamawa sauran ya zube. Wadda ta sani daga farko har ƙarshe guda ce tak. Ranar da malam ya matsa mata, sai ta rufe ido ta yi masa ita, ta tsallake wurin sunan da sauti maras kalma.

Malam Elkana mutumin Gella ne, ba ya jin yarensu ko kaɗan. Ya cire tabarau ya goge.

"Kai, Lidiya! Wannan ne za ka yi. Ba wani magana kuma. Amma a sama ɗin nan akwai rami, mene ne ka tsallake?"

"Suna ne, sa."

"To ka sa suna mana. Makin duka yana wurin."

A makon ya aika wa masu jarabawa cewa ita ce waƙar ɗalibarsa. Lidiya ba ta gaya masa ko waƙar mece ce ba. Gaskiya ma daɗi ta ji, don ba a taɓa cire tabarau saboda muryarta ba.

Wurin gwaji ya zama matsala. A gida ba dama, a makaranta 'yan aji na leƙe. Sai ta riƙa ɗaukar wanki ranar Asabar ta gangara mayo, wato rafin garin, can ƙasa inda ba kowa, tana cuɗa tana rerawa. Ta manta sauti yana bin ruwa. Wata Rachael, 'yar ƙauyensu da ke ɗibar yashi a sama, ta ji waƙar rakiya da muryar jikar tsohuwa. Me za ta ɗauka? Ta yar da kwano, ta bi gida-gida. Kafin Lidiya ta shanya zane na ƙarshe, matan ƙauyen sun cika ƙofar ɗakinsu da kururuwa, hannu a ka. Suka tarar da wadda suka zo kuka a kanta zaune a tabarma, lafiya ƙalau, tana ɓarar gyaɗa.

Wasu sun yi dariya a hanyar komawa. Kaka ba ta yi ba. Ta bari har tsakar gida ta watse, Lidiya ta shigo da kwandon wanki.

"Ajiye. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Kaka. Jarabawa ne."

"Jarabawa." Ta maimaita kalmar kamar ta tauna tsakuwa. "Sunan wa ka sa?"

"Ban sa ba. Wallahi ban sa ba."

"Ranar jarabawan fa? Nawa za ka sa? In nawa ne ka gaya mini in shirya."

"Haba Kaka!"

"Mamanka na raka shi da bakina. Kakanka na raka shi. Duk wanda ya mutu mana na raka. To wa ya rage?"

Lidiya ta sunkuyar da kai. Su biyun sun san wanda ya rage. Abin da ya fi tsorata ta shi ne, a can mayo, duk lokacin da ta hau ƙololuwar nan, sunan yana zuwa bakinta da kansa, sai ta danne shi da haƙori. Ta gaji da Kamaru. Ta gaji da uban da ba ya raye ba ya mace, wanda ba ta da ikon yi masa kuka don kada tsohuwa ta gani.

Kaka ta nuna ta da ɓawon gyaɗa. "Yarona yana da rai. Ranar da ka kira shi a cikin waƙan nan, kai ne ka kashe shi, ba masu harbin ba."

Daga ranar magana ta ɗauke a ɗakin. Kaka za ta zuba mata tuwo ta tura kwano da ƙafa, ta juya fuska bango. Lidiya ta sami malam ta roƙe shi a canja waƙa. Ya ce an riga an aika, kuma saura kwana kaɗan, wace za ta koya? Da ta yi masa bayani sai ya kawo dabara irin ta mai son taimako.

"Sa nawa. Elkana. Ni ba na tsoro."

"Ba zan iya ba, sa. Kana da yara."

"To ka sa John kawai. John nawa ne a duniya?"

"In ya faɗa a kan wani fa?"

Ya buɗe baki zai ce ai su Kirista ne, sai ya tuna shi ma ba ya nuna kabari da yatsa, ya rufe. Suka gwada da la-la-la. Waƙar ta hau lafiya, ta iso sama ta faɗi warwas, ko shi da ba ya jin yaren ya san an cuce ta. Ya ce ta yi hakan nan, rabin maki ya fi babu. Lidiya ta san rabin maki ba zai kai ta kwaleji ba, don a lissafi da Turanci da ƙyar take tsallakewa.

Ranar jarabawa ta farka ta ga tabarmar Kaka a naɗe, fartanya ba ta nan. Ta tafi gona ke nan, ko Allah ya ba da sa'a ba ta ce ba. Lidiya ta sha ruwa kawai ta fita.

Mai dubawar wata mace ce doguwa, ba ta dariya, ta ajiye na'urar ɗaukar murya a kan tebur. An kwashe kujerun ajin an jingine, tagogin ba gilashi, rana ta shigo har tsakiya. Malam Elkana ya tsaya a bakin ƙofa, an hana shi shiga. Aka fara da karatun alamomi, Lidiya ta bi do-re-mi ɗinta ba tuntuɓe. Aka buga mata sauti ta faɗi sunansa. Matar ta yi rubutu, ta danna na'ura.

"Waƙar gargajiya. Bismilla."

Har lokacin Lidiya ba ta yanke abin da za ta yi ba. Ta fara a ƙasa, yadda ake farawa, kamar mai lallashin yaro. Baitin farko ana gaya wa mai tafiya cewa an share masa hanya. Na biyu ana ce masa kada ya waiwayo, an kula da gida. Muryarta ta daidaita, ta cika ajin, hayaniyar 'yan ƙwallo a fili ta ragu. Ta juya kaɗan don ta ja numfashi, sai idonta ya faɗa taga.

Kaka na tsaye a gindin darbejiya, fartanya a kafaɗa, ba nisa. Ba ta taɓa taka makarantar nan ba sai yau. Fuskarta ba ta nuna komai.

Lidiya ta ɗauke ido daga tagar. Tsayawa ba dama, na'ura na juyawa. Ta shiga baiti na uku, wanda ke hawa, kowane layi sama da na baya, kuma ta san inda zai kai ta. La-la-la ya zo mata, ta ji ƙyamarsa. Sunan ya zo, ya tsaya mata a maƙogwaro. Ta dubi tsohuwar da ta goya ta ta haye duwatsu da ita, ta ga yadda ta rame a 'yan makonnin nan, ta san ba za ta iya ba. Kwalejin ta kuɓuce mata ke nan. Ta kai ƙololuwa, ta buɗe baki, ta rufe.

Ajin ya yi tsit. Mai dubawa ta ɗago kai, biro a hannu. Malam Elkana ya dafe ƙyauren ƙofa.

Daga waje wata murya ta ɗauka, tsohuwa, mai kaushi, daidai kan sautin da Lidiya ta saki.

"Tizheee..."

Kaka ta ja sunan kamar yadda ta ja na mutane da yawa, har numfashinta ya ƙare. Fartanyar ta zame ta faɗi. Ta nemi layi na gaba, wanda ta yi sau ba adadi, murya ta ƙi fita. Ta kama jikin bishiyar, ta dubi jikarta ta taga.

"Ƙarasa," ta ce da Hausa, kowa ya ji. "Ba a barin shi a hanya."

Mai dubawa ta kai hannu kan na'urar, ta dubi tsohuwar, ta janye hannun. Lidiya ta ja numfashi. Hawaye na zuba har cikin bakinta, ba ta share ba, ta ɗauki baitin ƙarshe ta raka babanta.