Rumfar da Baba Ilu Ya Yi wa Na'urarmu

Bacirawa

Ana idar da sallar asuba Ɗanjuma direba ya tsaya a ƙofar gidana da ke Bacirawa. Na fito da akwatin kayan aiki, raina a ɓace. Aikina shi ne kula da na'urorin auna yanayi masu aiki da kansu, waɗanda ofishinmu ya kakkafa a ƙauyuka. Suna auna ruwan sama da iska da zafi, su turo mana ta layin waya, mu kuma mu aika wa manoma saƙo. Ta ƙauyen Tsamiya Biyu ce ta rikice. Damina ta yi nisa, ko'ina ana tafka ruwa, ita kuwa kullum sai ta ce ko ɗigo bai sauka ba. Shugabar sashenmu ta gaji, ta ce mini, "Malam Sabi'u, ka je ka kwanto ta. Idan wurin bai dace ba, ga garuruwa nan suna roƙo."

Ban so wannan aike ba. Kafa abu yana da daɗi, amma cire shi a gaban mutanen da suka yi murna da zuwansa sai wanda ya shafa wa idonsa toka.

Muna fita gari muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙa bayan mota ya ga tsani, ya tambayi abin da muka ɗauko. Da na ce kayan auna ruwan sama ne, sai ya ce, "To yau za a yi?" Ɗanjuma ya ce, "Yallaɓai, mu awo kawai muke yi, Mai bayarwa daban ne." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Minjibir

Da hantsi muka shiga Minjibir, muka karya da waina da miyar taushe a bakin tasha. Daga nan muka leƙa na'urarmu da ke bayan wata makarantar firamare. Ita kam ta yi sa'ar mazauni: fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa gajera, babu bishiya ko katanga kusa. Haka ƙa'idar take, don ruwa ya faɗa cikin mazurarinta kai tsaye, iska kuma ta juya 'yar fankar da ke samanta ba tare da wani abu ya tare ba. Na goge farantin sola, na cire yanar gizo-gizo, muka wuce.

A mota Ɗanjuma ya ce, "Oga, inda za mu ɗin nan ba ka samun fili irin wannan. Ƙasar da ko akuya sai an ɗaure ta da damina." Na ce ya kama sitiyarinsa, amma na san gaskiya ya faɗa.

Tsamiya Biyu

Da muka sauka daga kwalta taɓo ya hana mota gaba. Muka bar ta a gindin wata kuka, wani mai amalanke ya ɗauke mu da kayanmu. Hagu da dama gona ce manne da gona. Gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, gamba da lalle sun raba iyaka, ga ɗorawa da gawo a tsakiyar kowace gona. Ban ga taku ɗaya da aka bari banza ba.

Baba Ilu ne ya tare mu, dattijon da ya ba da gefen gonarsa kyauta aka kafa na'urar. Sai da muka sha fura muka yi azahar sannan ya shige gaba, yana tafe yana fara'a. "Baƙuwata tana nan lafiya," in ji shi. "Tun da aka kawo ta ko kaza ba ta raɓe ta ba."

Muka kutsa cikin dawa, sai ga ta. Na tsaya cak. An kafa dirkoki huɗu a wajen shingen wayarta, an ɗora rumfa ta zana, an shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanar don kada ta yi yoyo. Farantin sola kaɗai aka bari a waje.

Na ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni ne da hannuna," ya ce. "Waɗanda suka kafa ta sun ce kada a taɓa ta, ban kuwa taɓa ta ba. Sun ce farantin nan rana yake ci, na bar masa rana. Amma ruwa fa? Rediyona sau ɗaya ruwa ya dake shi bai ƙara magana ba. Ya za a ba ni amanar kayan lantarki in bar shi a ruwa, ni ina cikin ɗaki?"

Faɗan da na taho da shi tun daga Kano sai ya bi iska. Ɗanjuma ya juya baya yana tari, ni kuwa na san dariya yake haɗiyewa. Na nuna wa Baba mazurarin, na ce ruwan da yake kare ta daga gare shi, shi ne abin da aka kawo ta ta auna. Ya daɗe yana kallon rumfar. Can ya ce, "Wato duk daminar nan ni na rufe mata ido." Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Sauke rumfa ba wuya, nan take muka yi. Amma matsalar ba ta ƙare ba. Da rani aka kafa na'urar, lokacin gona tana fayau. Yanzu dawa ta kewaye ta ta hana iska shiga, ga reshen ɗorawa ya miƙo kusa. Baba Ilu ya ce zai sare dawar. Na ce ba da ni ba, abincin iyalinsa ne, kuma baɗi ma haka za ta sake fitowa.

"Ɗana," ya ce, "idan kuka tafi da ita, saƙon da ake turo wa mutane zai tsaya, kuma har in mutu za a riƙa cewa an ba Ilu amana ya kasa."

Muka zaga ƙauyen har yamma muna neman wani wurin. Inda babu bishiya akwai katanga, inda babu katanga akwai dawa. Muka kwana a soron Baba Ilu. An kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, mai gidan bai ci loma uku ba.

Filin Idi

Da safe na ɗauki sifana na nufi gonar don in fara kwance ƙusoshi. Baba Ilu ya bi da mu ta wata hanya don raɓa ta yi yawa a ta jiya. Sai muka ɓullo wani fili mai faɗi a bayan gari, a miƙe, ciyawa gajera, babu ko tsiron bishiya a ciki.

Na ce, "Wannan na wa ne?"

"Na kowa ne, kuma ba na kowa ba," ya ce. "Filin Idi ne. Tun kakanninmu ba a noma shi, ba a gini, ba a dasa komai." Jiya bai kawo mu nan ba don bai taɓa lissafa shi cikin wuraren da ake bayarwa ba. Ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya roƙa ba, sai dai in ni zan gwada.

Muka sami Malam Liman tare da mai unguwa a ƙofar masallaci. Na durƙusa na gaishe su, na yi bayani. Liman ya tambaya ko tana ƙara, na ce a'a. Ya tambaya ko tana da'awar ita ke kawo ruwa. Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da Allah ya saukar kawai take aunawa."

Liman ya ja carbinsa, sannan ya ce, "A filin nan muke fitowa roƙon ruwa idan sama ta ɗauke ƙafa. Ban ga laifi ba don an ajiye mai shaida a gefe. Ku sa ta can kusurwar yamma, bayan sahun ƙarshe. Amanarta kuma tana hannun Ilu kamar da."

Na ɗauki hoton wurin na tura wa shugabata. Ta bugo ta ce, "Ina ka samo wannan fili a ƙasar Kano? Kafa ta." Magidanta suka taru aka yi haƙa, aka ɗauko turke da shinge, kafin la'asar fanka tana juyawa. Baba Ilu ya kwaso dirkokinsa da zanarsa, ya tambaye ni nisan da zai ja don kada ya tare mata iska. Na kai shi can bakin fili, ya sake kafa rumfar, ya ce wannan karon tasa ce.

Gezawa zuwa gida

Ta Gezawa muka biyo, don an ce hanyar ta fi bushewa. Muna tsaye muna sayen dafaffiyar gyaɗa hadari ya haɗo daga gabas, aka sako ruwa. Na duba wayata, sai ga Tsamiya Biyu tana turo awon ruwa, karo na farko a daminar nan. Ban gama murna ba kiran Baba Ilu ya shigo, ina jin ruwa yana dukan zana a kansa.

"Ɗana, ana ruwa, ga ta can tana jiƙewa. Wallahi ban rufa mata komai ba, amma raina bai so ba."

Na ce, "Baba, yau ne ka fara ciyar da baƙuwarka."

Mun iso Bacirawa ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, bayan mota kuma babu komai sai tsani. Allah ya saka wa mutanen Tsamiya Biyu da alheri, ya ba su damina mai albarka.